Bayan tafiyar masu furoje, wa ke riƙe da ƙauyukan Magarya da Dungas?

A ranar 4 ga Afrilun 2024 gwamnatin Janar Abdurahaman Tiani ta rusa majalisun ƙananan hukumomin Nijar baki ɗaya, ta naɗa kantomomi a gurbin zaɓaɓɓun magadan gari. Shekara ba ta zagayo ba sai ga wani labarin daga Amurka: a Janairun 2025 an dakatar da tallafin da ke bi ta hannun hukumar USAID, daga baya aka rufe hukumar ɗungurungum. Kafin nan Faransa da Tarayyar Turai sun riga sun tsayar da kaso mai yawa na taimakonsu tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. A Yamai waɗannan batutuwa ne na siyasa da hulɗar ƙasashe. A ƙauyukan gundumomin Magarya da Dungas kuwa, can kudancin jihar Damagaram, abin da suka haifar a fili yake. Kansilan da aka zaɓa ya koma gida ya zama kamar kowa. Fararen motocin furoje, wato ayyukan tallafi, sun rage zirga-zirga. Wanda ya saura, wanda ake yi wa sallama tun da asuba da ƙarar iyakar gona, ko ta shanun da suka yi ɓarna, ko ta auren da ke neman mutuwa, shi ne mai gari.

Shekara sittin ke nan ana kawo wa ƙauyukan nan tsare-tsaren haɗa kai iri-iri, daga koperatif zuwa samariya zuwa kwamitocin raya ƙauye. Wasu sun bar abin kirki, da yawa sun mutu ranar da kuɗinsu ya ƙare. Wanda ya bi tarihinsu zai ga abu guda yana ta dawowa. Inda aka tsallake mai gari, aiki ba ya kafuwa. Inda aka damƙa masa komai babu mai tambayarsa, aikin yakan koma na gidansa. Abin da ya ɗore shi ne wanda mutanen gari suka ɗauka nasu ne, mai gari kuma ya tsaya a kansa a gaban shaidu.

Ƙasa ta yi kaɗan

Magarya na kimanin kilomita 90 kudu da birnin Damagaram, a kan hanyar da ke bi ta Tinkim ta tsallaka iyaka ta nufi Babura da Kano. Dungas a ƙarƙashinta take har 2011, lokacin da aka yanke ta ta zama gunduma mai zaman kanta. Tare suna da ƙananan hukumomi 11, bakwai a Magarya, huɗu a Dungas, cikinsu har da Bande, Waca, Yekuwa, Kwaya, Tsatsumburum, Guci, Malawa da Dogo-Dogo. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da dubu 570 a Magarya, fiye da dubu 350 a Dungas. Da irin haihuwar da ake yi a yankin, yau sun haura miliyan nesa ba kusa ba.

A ma'aunin Nijar wannan ƙasa ce mai albarka. Ta fi arewacin jihar samun ruwan sama. Tuddanta na ba da gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. A kwarurrukan Korama ruwa ba ya da nisa a ƙasa, shi ya sa ake samun garake na rake da rogo da dankali da kayan miya har cikin rani. Kasuwa kuma tana bakin ƙofa: ranar Alhamis dabbobin Dungas na shiga Maigatari, naira tana yawo a hannun mutane tare da sefa, wani lokaci ma ta fi ta.

Duk da haka, nan ne ƙungiyar likitocin MSF ta kafu tun 2005 saboda tamowa. A Satumban 2018 ƙungiyar ta sanar cewa yara 730 ke kwance a sashen yara na asibitin Magarya, kuma a watan da ya gabaci sanarwar ana rasa kimanin yara goma kowace rana, galibi saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Wannan adadi bai kamata ya fita daga zuciyar duk mai magana a kan raya karkara a yankin ba.

Dalilin farko shi ne gona. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai, ƴaƴa sun raba, jikoki sun sake rabawa. Babu sauran barin gona ta huta, babu sauran daji da za a sassabe. Magidanci da yawa hatsinsu ba ya kai su bazara, sai ci-rani: Kano, Legas, Libiya, Aljeriya. Har mata da ƙananan yara sun shiga hanya. Cikin ƴan Nijar da gwamnati ta kwaso daga titunan Dakar a Maris ɗin 2022, inda suke bara, mutanen Kance da Magarya na da yawa. Ga kuma iyaka da ke rufewa ba shawara da kowa, kamar yadda Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka kuma maimaita bayan juyin mulkin 2023. A wurin da ƙasa ta matse haka, kowane taki na gona, kowane itace, kowace rijiya abin rigima ne. Shi ya sa shugabancin ƙauye a nan ya shafi abin da ke shiga tukunya kai tsaye.

Rawani tsakanin bariki da talakawa

Sarauta a yankin ta girmi Turawa. Dungas da Waca na cikin tsoffin ƙasashen Sosebaki. Magarya da Yekuwa tarihinsu na haɗe da tsohon gidan sarautar Daura da ya watsu bayan jihadi. Dukkansu sun shiga inuwar Damagaram a ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimun. Da Faransa da Ingila suka kakkafa turakun iyaka tsakanin 1906 da 1908, sai dangi ɗaya suka wayi gari a ƙarƙashin mulki biyu. Wani Ba'amurke mai bincike, William Miles, wanda ya fara zuwa Magarya a matsayin malamin makaranta a ƙarshen shekarun 1970, ya zauna a Yekuwa da kuma Yardaje ta ɓangaren Daura, ya rubuta littafi a 1994 a kan yadda mulkin Turawan biyu ya bambanta ƙauyukan da ƴar tafiya ce ta raba su. Faransawa sun mai da sarki ma'aikacin bariki: ya tara haraji, ya kawo mutanen aikin dole, ya ba da samarin soja. Bayan ƴancin kai Nijar ba ta fitar da sarakuna daga cikin tsarin mulki ba. Najeriya kuwa, inda Ingilishi suka bar wa sarakuna iko mai faɗi, ta zare musu yawancinsa, musamman da gyaran ƙananan hukumomi na 1976.

Har yau mai gari a Nijar yana da matsayi a doka. Dokar 1993 ta tsara shi, ta 13 ga Janairun 2015 ta sabunta. Magidanta ne ke zaɓensa daga cikin masu gadon sarautar, hukuma ta tabbatar. Masu gari kuma su ke zaɓen sarkin kanto. Doka ta ba shi ikon sulhu a shari'ar al'ada, ta ɗora masa tara haraji, ta kuma hana shi shiga jam'iyya. Harajin nan, wanda mutane ke kira bodo, a galibin ƙananan hukumomin karkara bai kai jika guda a kan mutum ba, amma tara shi a shekarar da damina ta ƙi wahala ce babba. Ɗan kason da ake ba mai gari daga ciki ba ya ɗaukar nauyin da ke kansa. Baƙo ya sauka, gidansa. Ma'aikaci ya zo rangadi, shi zai ciyar. An kira taro a Magarya ko Dungas, shi zai nemi kuɗin babur.

Wanda bai fahimci wannan matsi ba zai yi wa masu gari hukunci da garaje. Wanda kuma ya ɗauke shi uzuri zai rufe ido ga abin da yake haifarwa: goron shaidar cinikin gona da ke ƙara kauri, fifita dangi idan an zo rubuta sunayen masu karɓar agaji, jan kafa a shari'ar da mai ƙarfi ke ciki. Akwai masu gari da talakawansu ke yi wa addu'a, akwai waɗanda ake tsoro kawai. Tsarin da zai yi aiki dole ya zama wanda zai taimaki na farko ya kuma taka wa na biyu burki.

Daga kasuwar gyaɗa zuwa kwamitocin furoje

Mutanen Magarya sun san haɗa kai na zamani tun kafin a haifi yawancin ma'aikatan furoje na yau. A shekarun 1960 gyaɗa ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa, yankin nan kuma yana cikin cibiyoyinta. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA mai sayen gyaɗa da hukumar UNCC mai kula da bashi da koperatif. Daga 1966 aka gwada wani sabon tsari, Magarya da Matamaye na cikin wuraren da aka fara shi: ƙauye ya karɓi bashin iri da sunan gari, kowa ya tsaya wa ɗan'uwansa, manoma da kansu su riƙe sikeli da littafin kasuwa, in an samu rara a ƙarshen kaka a dawo musu da ita. An buɗe ajin yaƙi da jahilci da Hausa domin manomi ya iya karanta abin da sikeli ya nuna. A ganina wannan shi ne gwaji mafi ma'ana da aka taɓa yi a yankin, saboda ya taɓa wurin da ake cutar talaka, wato awo da lissafi. Amma farashi a Yamai ake yanke shi, kuma duk lokacin da ya fi tsoka a ƙetaren iyaka buhuna kan bi dare su tsallaka. Farin 1973 da 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka ƙarasa karya kasuwar.

A zamanin mulkinsa, Janar Seyni Kunce ya farfaɗo da samariya, ya kafa majalisun raya ƙauye a ƙarƙashin tsarinsa na raya ƙasa. Samariya ta gina azuzuwa, ta yi gayya, ta share hanyoyi, dattawa na tunawa da ita har yau. Sai dai umarni daga sama yake saukowa, da gwamnatin ta wuce ita ma ta yi sanyi.

Daga shekarun 1990 zamanin furoje ya kankama. Kowane furoje da kwamitinsa: na fanfo, na lakwal, na asibiti, na bankin cimaka, na gargaɗin yunwa. Yadda ake kafa su kusan iri ɗaya ne. A tara gari a inuwa, a ce a zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji, a tabbatar an sa mata, a kai su horo a ba su kuɗin zama. A ƙauye mai mutum dubu za ka iske kwamiti shida ko bakwai, fuskokin kuma kusan ɗaya ne, domin masu iya rubutu kaɗan ne, masu kusanci da ƙofar mai gari kuma an san su. Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai, irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun daɗe suna nuna yadda kuɗin fanfo da na sauran kayan gari ke narkewa a hannun kwamitocin da ba sa kiran taro, da yadda mutane ke kawar da kai saboda kowa dangin kowa ne.

Bankin cimaka ya isa misali. Dabarar mai kyau ce: a sayi gero da kaka yana araha, a ajiye, a sayar wa ƴan gari da rangwame lokacin da rumbuna suka ƙare. Amma idan bazara ta yi tsanani, ma'aji ba zai iya kallon idon kawunsa ya hana shi tiya biyar bashi ba. Bashin ba ya dawowa, jari ya ragu, shekara uku sito ya zama kango. Mutane ba su ɗauki abin sata ba, domin a bakinsu sunansa kayan furoje. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Babban shiri na baya-bayan nan a yankin shi ne Girma, wanda ƙungiyar agaji ta CRS ta fara a 2018 da kuɗin Amurka, ya kuma shafi dukkan ƙananan hukumomi 11 na Magarya da Dungas, da ayyukan noma, abinci mai gina jiki, asusun mata da ƙarfafa kwamitocin ƙauye. Shirye-shirye irinsa sun koyi darasi daga na baya, suna ƙoƙarin haɗa kwamiti da mai gari da ƙaramar hukuma. Jarrabawarsu ta gaskiya yanzu ta zo, lokacin da babu mota, babu kuɗin zama, babu kuma majalisar da aka yi niyyar miƙa wa ragamar.

Gawon da manoma suka raya

Abu mafi girma da ya sauya a ƙasar nan cikin shekara arba'in ba wani furoje ba ne ya dasa shi. Duk wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Magarya da rani zai ga gonaki cike da gawo, wasu wuraren kamar daji. A farkon shekarun 1980 ba haka suke ba. Dokar gandun daji ta 1974 ta sa gawo cikin itatuwan da aka hana taɓawa, mutane kuma suka fahimci cewa itace na gwamnati ne. Manomi ya ga tsiron gawo a gonarsa sai ya cire shi tun yana ƙarami, don kada ya girma ya jawo masa tara ranar da ya sare reshe. Malaman gona na lokacin su ma gona mai tsabta, wadda babu kututture, suke yabo.

Bayan yunwar 1984 abin ya juya. Iska na binne shuka da rairayi, sai an sake shuka sau biyu sau uku. Mata na yin nisa neman itacen girki. Taki ya yi tsada. Manoma suka koma ga abin da kakanninsu suka sani: wajen sassabe a bar tsiro mai ƙarfi, a rage masa rassa, a kare shi har ya tashi. A jihar Maradi wani mai suna Tony Rinaudo da abokan aikinsa sun yaɗa wannan dabara, wadda ake kira sassaben zamani. A kudancin Damagaram kuwa yawanci manomi ne ya gani a gonar maƙwabcinsa ya kwaikwaya. Gawo ya dace da mai ƙaramar gona: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da ƴaƴa, su kuma su bar kashinsu a gindinsa.

A 2006 masu bincike Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka bincika gundumomin Magarya, Matamaye da Mirya, suka ƙiyasta cewa gonakin da aka raya itatuwa a cikinsu sun kai kimanin hekta miliyan ɗaya. A faɗin kudancin Nijar ana maganar hekta miliyan biyar da itatuwa kusan miliyan 200. Babu wani shirin dashen itace a Sahel da ya kusanci wannan.

Ina shugabanci ya shigo? Tsiro ba ya zama itace sai an bar shi shekaru, kuma manomi ba ya kwana a gona. Idan mai gatari zai zo da dare ya sare ya kai kasuwa, ko makiyayi ya sassare rassa ya bar kututture, babu wanda zai ɓata lokacinsa. Abin ya yiwu ne a inda gari ya yarda cewa itacen da ke gonar mutum nasa ne, kuma wanda aka kama za a kai shi ƙofar mai gari ya biya. A Ɗan Saga ta gundumar Agye an kafa kwamitin sa ido da ya haɗa manoma da mata da makiyaya, ya zama abin koyi. A wurare da yawa ko kwamiti babu, maganar mai gari da liman da dattawa ce ta wadatar. Akwai ma tsohon tushe: ana ba da labari cewa sarakunan Damagaram sun tsananta hukunci a kan saran gawo tun kafin zuwan Turawa.

Doka daga baya ta biyo sawu. An sake dokar gandun daji a 2004, sannan a 30 ga Yulin 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince cewa manomin da ya raya itace a gonarsa yana da haƙƙin cin amfaninsa. Nijar na cikin ƙasashen farko da suka yi haka. Amma dokar da ba a karanta ta da Hausa da Fulatanci a dandalin gari ba, ba za ta hana a ci tarar manomi a kan itacen da ya raya da hannunsa ba. Wannan aiki ne da sarakunan kanto za su iya yi ba tare da jiran kuɗin kowa ba.

Takardar gona

A ranar 2 ga Maris 1993 Nijar ta kafa dokar tsarin karkara, wadda ta ba mallakar gona ta gado daraja ɗaya da mallakar takarda. Ƙasar na cikin jimamin abin da ya faru a Toda ta jihar Maradi a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari, yawancinsu mata da yara. Daga wannan doka aka samu hukumomin kula da filaye a matakin gunduma, da ƙaramar hukuma, da ƙauye. Ta ƙauye, wadda ake kira kofob, mai gari ne shugabanta, tare da magatakarda da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa. Aikinta rubuta cinikin gona, ko kyauta, ko aro, ko haya, ko jingina, da kula da burtali da makiyaya da mashaya, da ƙiyasta ɓarna idan dabbobi sun shiga shuka.

A takarda babu tsarin da ya fi wannan dacewa da Magarya da Dungas. Ya bar mai gari a kujerarsa, amma ya zaunar da shaidu a gefensa, ya kuma ce a aika kwafin kowace takarda sama. Jingina kaɗai ta isa ta nuna amfaninsa. Magidanci ya shiga matsi, ya karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwa ya ba shi gona riƙo. Shekara goma ta wuce, shaidun baka sun mutu, ƴaƴan mai gona su ce jingina ce, ƴaƴan mai kuɗi su ce saye ne. Takarda guda mai sa hannun mutum biyar da ta kashe wannan wuta tun ba ta kama ba.

Matsalar ita ce kofob da yawa furoje ne ya kafa su, ya ba su littafi da hatimi, ya tafi. Takardun cikewa suka ƙare, magatakarda ya tafi ci-rani, aka koma gidan jiya. Wani wurin kuma wakilin makiyaya suna ne kawai, ba a kiransa sai an riga an yanke magana. Fulanin yankin ba baƙi ba ne, suna da hardonsu da sarakunansu, kuma dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar musu da haƙƙin zirga-zirga. Amma burtalin da aka ci daga gefe da gefe, taki ɗaya kowace damina, ba ya dawowa da doka kaɗai. Haka ranar sakin gonaki, wadda hukuma ke sanarwa bayan shawara da sarakuna: idan an sa ta ba a ji daga masu wake da masu garake ba, ko an ja ta har dabbobi sun galabaita, rikici ne ke biyowa.

Mata su suka fi shan wahalar ƙarancin ƙasa. Binciken Marthe Diarra da Marie Monimart a kudancin Nijar ya nuna yadda gamanar da miji ke ba matarsa ke ƙanƙancewa har ta ɓace idan gandu ya matse. Musulunci ya ba ƴa mace rabonta na gado, amma sau da yawa idan aka zo kan gona sai a ce ta bar wa ƴan'uwanta maza. Mai gari da liman da suka tsaya a raba gado yadda shari'a ta ce, a kuma rubuta, sun yi wa yaƙi da talauci aikin da ya fi rabon buhu ɗari.

Maza a ƙofar asibiti

Akwai wani abu da aka fara a nan ya bazu har wasu ƙasashe. A 2008 hukumar UNFPA ta buɗe makarantun mazaje 11 a yankunan kiwon lafiya na Magarya da Matamaye, bayan bincike ya nuna cewa sau da yawa miji ne ke hana mace zuwa awon ciki ko haihuwa a asibiti. Ba aji ba ne mai allo. Magidanta ne da gari ke ganin girmansu suke zama da ma'aikacin lafiya, su duba mata nawa suka zo awo, nawa suka haihu a gida, su fita su yi wa ƴan'uwansu magana. Sarakuna da malamai sun mara wa abin baya, shi ya sa bai zama abin kunya ba. Asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maradi a 1991, shi ma ya rayu a inda bankunan cimaka suka mutu, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: kuɗin na matan ne, a gaban kowa ake buɗe akwati, a gaban kowa ake ƙirgawa.

Wa zai tambayi mai gari?

Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, da na 2011 da 2020, bai kawo abin da aka yi fata ba. Kasafin kuɗi ƙarami ne, rabon da gwamnatin tsakiya ta yi alkawari ba ya isowa yadda ya kamata, siyasar jam'iyya ta raba ƙauyuka har ta shiga zaɓen masu gari. Amma ya buɗe wata ƙofa: talaka ya samu mutum na biyu da zai kai wa kuka, wanda kuma zai iya kayarwa. Sarakuna na zama a majalisa su ba da shawara, ba sa jefa ƙuri'a. Yanzu kantoma daga sama aka naɗo shi, sama yake kai rahoto. Ko da mutumin kirki ne, ba lallai ya san wane burtali ne aka toshe a Guci ko wace rijiya ce ta rufta a Kwaya ba, sai abin da sarakuna da masu gari suka gaya masa. Nauyin masu rawani ya ƙaru, masu sa musu ido sun ragu. Wannan hali bai dace da mai gari nagari ba ma, domin ranar da aka zarge shi ba shi da abin da zai nuna.

Maganin ba ya buƙatar dala ko yuro. Kowane gari ya sa rana biyu a shekara, ɗaya bayan kaka, ɗaya kafin shuka, a taru a karanta da babbar murya: bodo nawa aka tara, nawa aka kai, me ke cikin akwatin fanfo, tiya nawa ta rage a sito, su wa ke da bashi, gonaki nawa aka sayar ko aka jinginar. A kira hardo, a kira shugabar asusun mata, a bar matasan da suka dawo daga ci-rani su yi tambaya. Kwamitocin da suka yi yawa a haɗe su a ƙarƙashin wannan taro guda. Kantomomi su ware daga harajin kasuwa abin buga takardun kofob, domin littafi da tawada ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Ƙungiyar sarakunan gargajiya ta Nijar, wadda ta girmi jamhuriyar kanta, ta sa wannan cikin abin da take nema daga mambobinta. Hukumomin Yamai kuma su faɗi ranar da za a mayar wa mutane zaɓen kansilolinsu.

Kai kuma ɗan Magarya ko Dungas da ke karanta wannan a Damagaram, ko Yamai, ko Kano, kana aika kuɗin hatsi gida duk bazara: in ka je gida da kaka, ka je gaisuwa ƙofar mai gari, ka tambaya cikin ladabi ina littafin kofob yake, yaushe aka yi rubutu na ƙarshe a ciki, kuma ko gonar gidanku da rabon ƴan'uwanka mata suna ciki.